Wa ya biya wa?

Karɓau a cikin jimlar Ingilishi

Bobiyel unguwa ce a arewacin birnin Yamai. Akwai Zabarmawa a cikinta, akwai Hausawa, akwai Fulani da Abzinawa. In yara suna wasa a bakin hanya, sai a ji harshe biyu ko uku cikin magana guda. A wannan unguwa akwai wani mai fataucin albasa. Yana da ɗiya biyar. Ƙaramarsu mace ce, kowa Auta yake ce mata.

Auta ta yi firamare a lakwal mai harshe biyu. Da Hausa ta fara karatu da rubutu da lissafi, daga baya aka shigo mata da Faransanci. A Damagaram aka fara irin wannan lakwal, a shekarar 1973. Bayan nan aka buɗe waɗansu da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. Bana Auta tana sizyam, ajin farko na kolej. A nan ne ake fara koyon Ingilishi. Wata biyu ke nan da ta fara.

Babanta yakan sayi albasa a Galmi, cikin jihar Tawa. A loda buhuna cikin kamiyo, a bi ta Burkina Faso, a kai Kumasi a ƙasar Gana. Can yana da dillali mai sayar masa. Ga yadda suka shirya: shi zai biya rabin kuɗin mota a Galmi, saura kuma dillali ya biya direba in an sauke kaya.

Ran nan da marece, bayan sallar magariba, sai mai kamiyon ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa. Da suka gama gaisawa sai ya ce:

– Alhaji, sauran kuɗin mota ne ya kawo ni, jikka 200. Kwana huɗu ke nan ban ji ɗuriyar direbana ba. Salularsa a kashe take. Ni kuwa gobe zan sayi taya.

– Ai dillali ya kamata ya biya shi tun a Kumasi.

– Haka ya kamata. Amma ka san wani lokaci direba ne yake biyan dillali kuɗin masu sauke kaya daga aljihunsa. In haka aka yi, to, bashi biyu ke nan a kanka.

Baban Auta ya ciro salularsa. Shekaranjiya saƙo ya shigo daga Kumasi. Yaron da yake yi ma dillali rubutu ɗan Gana ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Da Ingilishi ya rubuta. Sai aka kira Auta. Ta durƙusa ta gaida baƙo, ta karɓi salula, ta karanta:

The agent paid the driver.

Ta san kalmomin duka. «Driver» shi ne direba, daga nan ma Hausa ta ari kalmar. «Agent» dillali ne. «Paid» kuwa, biya.

– Baba, maganar biya ce tsakanin dillali da direba.

– Wannan na sani, ɗiyata. Wa ya biya wa?

Auta ta yi shiru. Ta tuna da Zabarmancin da take ji kullum wurin ƙawayenta. In za su ce «Na sayi tunkiya», sai su ce «Ay na feeji day». Tunkiya, wato «feeji», tana zuwa kafin saye. Ta tuna da Faransanci, inda ƙananan kalmomi sukan tsallake su koma gaba. Shi Ingilishi fa, ina yake ajiye wanda aka biya? Ba ta tabbata ba. Jikka 200 kuwa ba abin yi ma cinta ba ne.

– Baba, a yi mini haƙuri har gobe. Zan tambayi mushe.

Mai kamiyo ya yi ɗan tsaki, amma ya yarda ya dawo gobe.

Kura da akuya

Da safe Auta ta kai ma mushen Ingilishi jimlar, a rubuce cikin kayenta. Mushe ya duba. Bai ba ta amsa ba. Ya ɗauki alli, ya rubuta a allo da Hausa:

Kura ta ci akuya.

– Wane aiki aka yi a nan?

Yara suka ce:

– Ci!

– Wa ya yi aikin?

– Kura!

– Kura ta ci me?

– Akuya!

– Madalla. Waɗanda suka fito daga lakwal mai harshe biyu, ku faɗa ma sauran sunayen waɗannan abubuwa uku.

Auta ta ɗaga hannu. Ta ce kalmar aiki ita ce aikatau. Mai yin aikin shi ne aikau. Wanda aikin ya faɗa a kansa shi ne karɓau, don shi ya karɓi aikin.

Mushe ya rubuta a ƙarƙashi:

The hyena ate the goat.

Ya ja layi daga «kura» zuwa «the hyena», daga «ci» zuwa «ate», daga «akuya» zuwa «the goat». Layukan uku suka sauko tsaye, ba wanda ya gitta ɗan'uwansa. Sa'an nan ya share, ya juya sunayen:

The goat ate the hyena.

Wani yaro a bayan aji ya fara ganewa, ya fashe da dariya. Sai aji duka ya ɗauka. Akuya ta ci kura! Mushe ya bari suka gama. Ya ce:

– Ban sake ko harafi ɗaya ba. Wuri kawai na sake. Ɗiyata, koma ga jimlarki.

Auta ta dubi kayenta. «The agent» a gaba. «Paid» a tsakiya. «The driver» a baya.

– Mushe, dillali ne ya biya direba!

Yadda ake gane karɓau

A jimlar Ingilishi mai sauƙi, aikau ne a farko, aikatau a tsakiya, karɓau a bayansa. Haka Hausa ma take yi. Bahaushe bai yi baƙunta a nan ba.

Mai neman karɓau ya fara neman aikatau. In ya same shi, sai ya faɗi aikau da aikatau tare, ya bi su da tambaya: «me?» ko «wa?». A Ingilishi «me?» shi ne «what?», «wa?» kuma «whom?» ko «who?». Abin da ya amsa tambayar shi ne karɓau.

The girl sells milk. Yarinya tana sayar da me? Madara. Karɓau: milk.

The farmer planted millet. Manomi ya shuka me? Hatsi. Karɓau: millet.

The teacher called the boy. Malam ya kira wa? Yaro. Karɓau: the boy.

Karɓau ba lalle ya zama kalma guda ba. A cikin «My father bought forty bags of onions», in aka ce Baba ya sayi me, amsar ita ce buhu 40 na albasa. Kalmomin huɗu duka, «forty bags of onions», su ne karɓau.

Abin nan guda yana da suna a kowane ɗakin karatu. A ajin Hausa, karɓau kai-tsaye. A ajin Faransanci, «complément d'objet direct», wanda ƴan lakwal suke taƙaitawa su ce COD. A ajin Ingilishi, «direct object». Wanda ya karanta nahawun Larabci a makarantar zaure, cikin Ajurumiya, ya san shi da sunan maf'uli. Yaron da ya gane shi sau ɗaya ba ya bukatar koyonsa sau huɗu. Abin da ya rage masa shi ne ya san alamar da kowane harshe yake sa masa.

Larabci yana sa alamar a ƙarshen suna. In yaro ne ya yi aiki, a ce «al-waladu», da rufu'a. In shi aka yi ma aiki, a ce «al-walada», da fataha. Shi ya sa Balarabe yake iya juya kalmominsa ba tare da ya ɓata ma'ana ba. Ingilishi ma ya taɓa yin irin wannan. Shekara 1000 da suka wuce, kalmar nan «the» tana sakewa: wata siga gaban aikau, wata gaban karɓau. Sannu a hankali waɗannan alamomi suka zube. Da suka zube, sai nauyin duka ya koma kan wurin da kalma ta zauna.

Abin da kunnen Bahaushe ya riga ya sani

Hausa tana da tata alama, kuma a jikin aikatau take. Ga jimloli uku:

Inna ta sayi zane.

Inna ta saye shi.

Abin da Inna ta saya yana da kyau.

Aikatau guda ne, amma ƙarshensa ya sake har sau uku. In suna ne ya biyo baya, «sayi». In wakilin suna ne, «saye». In ba abin da ya biyo, «saya». Haka «tambayi, tambaye, tambaya». Haka «ɗauki, ɗauke, ɗauka» da «zaɓi, zaɓe, zaɓa». Ga kuma «ga, gan, gani»: na ga mota, na gan ta, na gani. Yaro ɗan shekara biyar ba ya cewa «na gani mota». Ba wanda ya koya masa doka. Kunnensa ne ya san akwai karɓau a baya.

Ba duk aikatau suke yin haka ba. A 1960 wani malamin jami'ar Landan mai suna F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa gida 7. Masu sake ƙarshe irin na «saya» su ne gida na 2. Waɗansu, kamar «biya» da «kira», ba su sakewa: ya biya direba, ya biya shi, ya biya.

Wannan kunne yana da amfani a ajin Ingilishi. In yaro yana shakkar wata kalma, ko karɓau ce ko ba ita ba ce, sai ya mai da jimlar Hausa, ya saurari aikatau. «She asked the teacher»: ta tambayi malam. An ji «tambayi»? To, «the teacher» karɓau ne.

Amma shi aikatau na Ingilishi ba ruwansa da abin da ya biyo bayansa. «She bought a cloth.» «She bought it.» «Bought» yana nan yadda yake. A nan Ingilishi ya fi Hausa sauƙi nesa, kuma bai kamata ɗan Hausa ya ji tsoronsa ba.

Wakilin suna

Inda Ingilishi bai yar da tsohuwar alamarsa ba shi ne wurin wakilin suna. Mai yin aiki yana da tasa siga, mai karɓa yana da tasa. Hausa ma haka: «ya» kira, an kira «shi».

I ya koma me: ni
you yana nan you: ka, ki, ku
he ya koma him: shi
she ya koma her: ta
it yana nan it: shi ko ta
we ya koma us: mu
they ya koma them: su

He called her. Ya kira ta.

She called him. Ta kira shi.

We saw them. Mun gan su.

They saw us. Sun gan mu.

Nan ne ƴan kolej da yawa suke tuntuɓe, kuma Faransanci ne yake ka da su. Bafaranshe yana ɗauke wakilin suna ya kai shi gaban aikatau. Yana cewa «Je vois le chauffeur», amma «Je le vois». Yaro ya shekara shida yana jin haka. Ranar da ya shiga ajin Ingilishi sai ya rubuta «I him see». Wannan kuskure ne. Daidai shi ne «I see him». Da ya bi ta Hausa, da bai faɗi ba: ina ganin shi, na gan shi, na biya shi. Hausa da Ingilishi duka a baya suke barin wakilin suna.

Mushe yakan ce ma ajinsa: in an zo nan, ku rufe ƙofar Faransanci, ku buɗe ta gida.

Akwai dai inda ƙofar gida ma take kai mutum rami. A Hausa kowane suna namiji ne ko mace. Albasa mace ce, buhu namiji. Ana cewa «na saye ta», «na ɗauke shi». Ingilishi ba ya ba kaya jinsi. «Him» da «her» na mutane ne, wani lokaci da dabbar da aka saba da ita. Albasa ɗaya, buhu ɗaya, mota ɗaya, duk «it». Wanda ya ce «I bought her» yana nufin albasa, mai ji zai zaci mutum ya sayo.

Ramin na biyu ya fi wuyar gani. Hausa takan bar karɓau a zuci in an riga an san shi.

– Ka sayi albasa?

– Na saya.

Magana ta cika. Ingilishi ba ya yarda da wannan. «I bought» kawai jimla ce mai ƙafa ɗaya. Mai ji zai tsaya yana jiran saura. Sai an ce «I bought them», ko a taƙaita a ce «Yes, I did». Haka «Ina so» ba «I like» ba ne, ko «I want». Sai an cika: «I like it», «I want it».

Jimlar da ba ta da karɓau

Ba kowace kalma da ta bi aikatau ce karɓau ba. Wannan ya kamata a riƙe da kyau.

The lorry arrived yesterday. Kamiyo ta iso jiya.

Kamiyo ta iso me? Tambayar ba ta da ma'ana. «Yesterday» yana amsa «yaushe?». A cikin «The baby sleeps in the room» kuma, «in the room» yana amsa «ina?». Aikatau irin su «arrive», «sleep», «come», «go», «fall» ba su ɗaukar karɓau. A nahawun Hausa ana ce musu aikatau ƙi-karɓau. Masu ɗauka kuwa, so-karɓau.

Ga wata kuma: «My sister is a nurse.» Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Ba wani aiki da ya tashi daga mutum ya faɗa kan wani. Yayar da ma'aikaciyar mutum guda ne. Hausa ma «ce» ta sa, ba aikatau ba. Bayan «am», «is», «are» ba a neman karɓau.

Ingilishi ba ya son a shiga tsakanin aikatau da karɓau. Faransanci yana cewa «J'aime beaucoup le riz». Yaro ya kwaikwaya, ya rubuta «I like very much rice», mushe ya ja jan layi. Hausa tana cewa «Ina son shinkafa ƙwarai», da «ƙwarai» a ƙarshe. Ingilishi ma haka: «I like rice very much.»

Akwai aikatau uku da suke ruɗar kowa a Yamai, mai bi ta Hausa da mai bi ta Faransanci duka. Bahaushe yana cewa na saurari malam, na dubi allo, na jira mota, kai tsaye. Bafaranshe ma haka yake yi da «écouter», «regarder», «attendre». Ingilishi kuwa sai ya sa ƴar kalma a tsakani: «listen to the teacher», «look at the board», «wait for the bus». Waɗannan ba su da wata dabara. Haddace su ake yi, aikatau tare da ƴar kalmarsa, kamar akuya da igiyarta.

Wani lokaci kuma sunaye biyu suke bin aikatau:

The agent gave the driver the money. Dillali ya ba direba kuɗi.

Dillali ya ba da me? Kuɗi. «The money» shi ne karɓau kai-tsaye. Direba shi ne wanda aka ba, ana ce masa karɓau kaikaice. Jerin kalmomin daidai yake da na Hausa: mutum a gaba, kaya a baya. Darasin karɓau kaikaice yana nan tafe.

Saƙo na biyu

Da marece mai kamiyo ya dawo. Auta ta karanta saƙon, ta fassara: dillali ya biya direba. Babanta ya ce:

– Kin tabbata?

– Na tabbata, Baba. A Ingilishi mai biya ne a gaba, wanda aka biya a baya, kamar yadda muke faɗi.

Mai kamiyo bai so ba, amma ya ce zai jira direbansa. Baban Auta ya ce ta rubuta ma yaron dillali ya ƙara tabbatarwa, don hankalin kowa ya kwanta. Ba a yi awa guda ba amsa ta shigo:

The driver was paid by the agent on Monday.

Gaban Auta ya faɗi. Ga direba a gaba, ga dillali a baya! Ko ta yi ma babanta ƙarya? Ba ta ce ma kowa komi ba. Daren nan ba ta yi barcin kirki ba. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa tana bakin ƙofar aji, tana jiran mushe.

Mushe ya karanta, ya yi murmushi.

– Ba ki yi kuskure ba. Saƙon guda ne, riga ya sake. Duba kalmomi biyu da babu su a na farko.

Auta ta duba.

– «Was» da «by».

– Yawwa. Mu in muna son mu sa direba a gaba, me muke cewa?

– An biya direba. Ko kuwa, direba dillali ne ya biya shi.

– To, haka su ma suke da tasu hanya. In kin ga «was» ko «were» kafin aikatau irin wannan, kin kuma ga «by» a bayansa, jimlar a juye take. Wanda yake gaba shi aka yi ma aikin. Wanda ya bi «by» shi ya yi.

Ya rubuta su biyu a jere:

The hyena ate the goat.

The goat was eaten by the hyena.

A duka biyun akuya ce ta mutu. A ta farko akuya karɓau ce. A ta biyu an ɗauko ta an zaunar da ita a wurin aikau, jimlar kuwa ba ta da karɓau ko kaɗan. Aikatau mai karɓau ne kaɗai ake iya juya jimlarsa haka. Ba a iya juya «The lorry arrived», don ba abin da za a ɗauko a kai gaba. Irin wannan juyayyar jimla ta cika takardun ofis, da rasiɗai, da labarun rediyo. Wanda zai yi aiki da Ingilishi zai yi ta gamuwa da ita.

Masu gamuwa da ita kuwa suna da yawa. Nijar tana iyaka da Najeriya fiye da kilomita 1400, kuma Ingilishi ne harshen ofisoshin Najeriya da na Gana. A watan Maris na 2025, babbar dokar ƙasa da ake kira Charte de la Refondation ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A kula da wani abu: a Nijar in an ce Turanci, sau da yawa Faransanci ake nufi. A Kano ko Katsina kuwa Ingilishi ake nufi. Shi ya sa wannan darasi yake kiran kowane da sunansa.

Bayan kwana biyu direba ya iso Yamai. Salularsa ce ta lalace a hanya. Kuɗin suna cikin jakarsa, jikka 200 cif, ya miƙa ma maigidansa. Baban Auta ya sa ta rubuta amsa zuwa Kumasi. Ga abin da ta rubuta:

We received your message. The driver brought the money. My father greets the agent. He thanks him.

Tambayoyi

1. Me ya kawo mai kamiyo gidan su Auta?

2. Don me Auta ta ƙi ba da amsa a daren farko, ga shi kuwa ta san kalmomin duka?

3. Waɗanne tambayoyi biyu ake yi don a gane karɓau?

4. A cikin amsar da Auta ta aika Kumasi akwai jimla 4. Ku nuna karɓau na kowace.

Aiki cikin kaye

A. Ku kwafe waɗannan jimloli. Ku ja layi ɗaya ƙarƙashin aikatau, layi biyu ƙarƙashin karɓau. Biyu daga cikinsu ba su da karɓau.

The boy opened the door.
My mother cooks rice.
The children play in the street.
The tailor made a new shirt.
Our teacher is a kind man.
The camel drank the water.

B. Ku cire karɓau, ku sa wakilin suna a wurinsa: him, her, it, ko them.

I saw my brother.
She washed the plates.
We greeted the old woman.
He sold the bicycle.

C. Ku gyara waɗannan.

I her know.
She likes very much milk.
We listen the radio.
They called we.

D. Ku mai da waɗannan Ingilishi.

Yarinya ta ɗauki tulu.
Na gan su.
Direba ya kira mu.
Kura ta kori kare.

E. Wa ya kira wa? Ku amsa da Hausa.

The doctor called the nurse.
The doctor was called by the nurse.

F. A gida, kowa ya saurari maganar mutane uku. Ya rubuta jimla 5 na Hausa masu karɓau da ya ji daga bakinsu. Mai jin Zabarmanci, ko Fulatanci, ko wani harshe, ya ƙara jimla 2 cikin harshen, ya nuna ko karɓau yana gaban aikatau ko yana bayansa. A kawo ranar Litinin.